Araha Ba Ta Ado: Zaɓen Kaurin Wayar Lantarki Lissafi Ne, Ba Ciniki Ba

Gabatarwa

Kwanakin baya na shiga wani shagon sayar da kayan wutar lantarki domin in sayi kwan fitila, sai na tarar da wani dattijo mai ginin sabon gida tare da saurayin da zai yi masa wayarin, suna ja-in-ja a kan takardar kayan aiki. Saurayin ya rubuta naɗi uku na waya mai lamba 2.5 da naɗi ɗaya na mai lamba 4. Da dattijon ya ji farashi sai ya ɗauko wata siririya da ke gefe, mai lamba 1.5, ya ce, "Wannan fa? Ai ita ma wuta za ta bi ta cikinta." Saurayin ya ce, "Za ta bi, Baba, amma ba za ta ɗauki soket ba, ta fitila ce." Dattijo ya ce, "Kai dai yaro, ku masu aiki ba ku san zafin kuɗi ba. Gidan da nake ciki shekara ashirin ke nan, da irin wannan aka yi shi, ga mu nan lafiya lau." Mai shago ya sa baki ya goyi bayan mai kuɗi, aka ɗaure siririyar waya a bayan babur, aka kama hanya.

Tun daga ranar abin yake yi mini yawo a zuci. Dattijon nan ba mugu ba ne, iyalinsa zai zuba a gidan. Saurayin kuma ya san gaskiya, sai dai bai iya bayyana dalilinta ba, shi ya sa aka fi ƙarfinsa. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, kaurin wayar da za a binne a bango abu ne da ake fitarwa da lissafi, lissafin kuwa bai fi ƙarfin ɗalibin babbar sakandare ba. Muddin aka bar shi a hannun ciniki da ganin ido, za mu ci gaba da gina gidaje da makarantu da kasuwanni da garwashi a cikin bangonsu.

Me ke faruwa a cikin waya?

Wutar lantarki kwararar wasu ƙananan ƙwayoyi ce da ake kira ilaktoron, masu ratsawa ta cikin ƙarfe. Yawan abin da ke kwarara ana auna shi da amfiya, ƙarfin da ke tura shi ana auna shi da bolt, aikin da na'ura ke yi da shi kuma ana auna shi da wat. Dangantakarsu mai sauƙi ce: idan aka raba wat da bolt sai a sami amfiya. A Nijeriya ƙarfin wutar gida bolt 230 ne a ƙa'ida, saboda haka hita mai wat 2,300 tana jan amfiya 10.

Babu ƙarfen da ke barin wuta ta wuce a banza. Kowace waya tana da abin da masana ke kira turjiya, watau tirjewar da take yi wa kwararar wuta, ana kuma auna ta da om, daga sunan Bajamushen nan Georg Ohm wanda ya bayyana dokarta a shekarar 1827. Turjiya tana ƙaruwa idan waya ta yi tsawo, tana raguwa idan waya ta yi kauri. Mai karatu ya tuna da cincirindon jama'a ranar hawan salla: a fili kowa na tafiya a sake, amma da an zo ƙofar gari sai a matsu, a yi ta gogar juna, gumi ya karyo. Siririyar waya ƙunƙuntar ƙofa ce, gogayyar da ake yi a cikinta kuwa zafi take haifarwa.

Baturen Ingila James Joule ne ya auna wannan zafi a farkon shekarun 1840. Ya gano cewa zafin da waya ke fitarwa daidai yake da turjiyarta a ninka da amfiya, a sake ninkawa da amfiya. Wannan maimaicin shi ne wurin haɗarin. Idan aka ninka kayan da aka ɗora wa waya sau biyu, zafin sau huɗu zai ninku. Alal misali, a ɗauki wayar jan ƙarfe mai lamba 1.5 da aka ja tsawon mita 20 daga allon rarraba wuta zuwa soket. Da yake wuta tana zuwa ta waya ɗaya ta koma ta ɗaya, tsawon ya zama mita 40, turjiyarsa kuma kimanin om 0.47. A amfiya 10 wannan waya tana fitar da zafi na wat 47. A amfiya 20 zafin ya kai wat 188, kwatankwacin a kunna tsofaffin kwayayen fitila uku masu wat 60 a cikin bututun da ke bango, inda ba iska ba mafita.

Lambar nan da ake kiran waya da ita, 1.5 ko 2.5 ko 4, faɗin bakin ƙarfen ne idan an yanke shi, a ma'aunin murabba'in milimita. Robar da ke lulluɓe da shi ba ta cikin lissafi. Ita robar, wadda galibi nau'in PVC ce, an yi ta ne don ta jure zafin da bai wuce digiri 70 a ma'aunin Salshiyos ba. Idan ana wuce wannan iyaka a kai a kai, sai ta bushe, ta yi tauri, ta fara tsagewa, har wata rana wayoyi biyu su haɗu ko tartsatsi ya faɗa kan silin. Abin yakan ɗauki shekaru, shi ya sa mai gida ke zaton lafiya ake.

Yadda ake zaɓe

Ba yau aka fara tsara ƙa'idojin wayarin ba. A Ingila an fitar da na farko a shekarar 1882, manufarsu kuma a fili take tun daga sunan da aka ba su: kauce wa gobarar da fitilun lantarki kan jawo. An yi ta sabunta su har bugu na 18 da ya fito a 2018, ana kiransu BS 7671, kuma tsarin wayarin na Nijeriya a kan tafarkinsu ya ginu. A cikinsu akwai jadawalin da ke nuna amfiyar da kowace waya za ta iya ɗauka. Ga wayar jan ƙarfe mai rigar PVC da aka zura cikin bututu a bango, idan zafin wurin digiri 30 ne, ga abin da jadawalin ya nuna:

Lamba 1.5 tana ɗaukar amfiya 17.5
Lamba 2.5 tana ɗaukar amfiya 24
Lamba 4 tana ɗaukar amfiya 32
Lamba 6 tana ɗaukar amfiya 41
Lamba 10 tana ɗaukar amfiya 57

Matakin farko shi ne a tara wat na dukkan na'urorin da za su iya aiki lokaci guda a kan layi ɗaya, a raba da 230. Mataki na biyu, a zaɓi fis ko makatsin wuta, wanda masu sana'a ke kira bireka, da ya kai wannan adadi ko ya ɗara shi kaɗan. Mataki na uku, a zaɓi wayar da ƙarfinta, bayan an yi la'akari da yanayin wurin, ya kai na makatsin ko ya fi shi. Watau kaya kada su fi makatsi, makatsi kuma kada ya fi waya. Mataki na huɗu, a duba nisa.

Mu gwada da gidan dattijon nan. A ce a layin soket guda za a jona hita mai wat 1,500, da dutsen guga mai wat 1,200, da firji mai wat 200, da na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1,500. Jimla wat 4,400 ke nan, idan aka raba da 230 a sami amfiya 19 da ɗan ɗoriya. Makatsin da ya dace shi ne mai amfiya 20. Tun a nan waya mai lamba 1.5 ta faɗi jarrabawa, domin iyakarta 17.5. Mai lamba 2.5 kuwa kamar ta ci, tunda an rubuta mata 24. Amma da sauran magana.

Jadawalin Turai, zafin ƙasarmu

Alƙaluman can na sama an tsara su ne a kan zafin digiri 30. Duk wanda ya yi bazara a Sakkwato ko Maiduguri ko Nguru ko Yamai ya san cewa daga Maris zuwa Mayu zafin inuwa ma yakan wuce digiri 40, balle tsakanin silin da rufin kwano inda wayoyinmu da yawa suke bi. Waya tana huce zafinta ne ta hanyar miƙa shi ga abin da ke kewaye da ita, to idan kewayen da kansa ya ɗau zafi, abin da za ta iya ɗauka ya ragu. Ƙa'idar ta tanadi gyara domin haka: a digiri 35 ana ninka ƙarfin waya da 0.94, a digiri 40 da 0.87, a digiri 45 da 0.79, a digiri 50 kuma da 0.71.

Mu ɗauki digiri 45 domin layin da ya bi ta cikin silin. Mai lamba 1.5 ta sauko zuwa amfiya 13.8. Mai lamba 2.5 ta sauko zuwa 19, watau ta gaza makatsi mai amfiya 20. Mai lamba 4 ta tsaya a 25.3, ita ce ta ci jarrabawa. Ashe ke nan dattijon ya ɗora amfiya 19 a kan wayar da a cikin bazara iyakarta 14 ba ta cika ba. Wata mafitar da ta fi kyau ita ce a raba kayan gida biyu, a ba na'urar sanyaya ɗaki layinta ita kaɗai da makatsinta, sauran su tafi a layi mai lamba 2.5.

Akwai gyara na biyu, na cunkoso. Idan aka cusa layi biyu a bututu ɗaya, kowanne yana ɗumama ɗan'uwansa, sai a ninka ƙarfin kowanne da 0.8. Idan layi uku ne, da 0.7. Mai wayarin da ya cika bututu maƙil domin ya rage fasa bango ya rage wa kowace waya ƙarfi ba tare da ya sani ba.

A ganina wannan shi ne babban abin da ya kamata ɗan ƙasa mai zafi ya riƙe. Lambar da ta wadatar a Landan tana iya gazawa a Gusau, alhali waya ɗaya ce, kaya ɗaya ne.

Nisa ma yana da nasa hukunci

Waya tana iya ɗaukar kaya ba ta yi zafi ba, amma duk da haka ta gaza, idan tafiyar ta yi nisa. Dalili kuwa turjiya tana cinye wani kaso na ƙarfin wutar a hanya. Ƙa'ida ta yarda a yi hasarar kashi 3 cikin ɗari a layin fitilu, watau bolt 6.9, da kashi 5 cikin ɗari a sauran layuka, watau bolt 11.5. Ga kowace amfiya ɗaya da kowace mita ɗaya ta nisa, waya mai lamba 1.5 tana zubar da milibolt 29, mai 2.5 tana zubar da 18, mai 4 tana zubar da 11, mai 6 kuma 7.3.

A ce makaranta ta haƙa rijiyar burtsatse mita 80 daga inda wuta take, famfon kuma yana jan amfiya 10. Ta fuskar zafi, mai lamba 2.5 ta wadatar har da rara. Amma 18 sau 10 sau 80 ya ba da milibolt 14,400, watau bolt 14.4, ya wuce iyaka. Mai lamba 4 tana zubar da bolt 8.8, ita ce daidai. Injin da ba ya samun cikakken ƙarfi yana wahalar tashi, yana jan amfiya fiye da ƙima, naɗin cikinsa ya yi zafi har ya ƙone. Sau da yawa akan zagi famfo a ce jabu ne, alhali wayar da aka ja masa ce ta kashe shi.

Har ila yau, a unguwannin da wuta ke zuwa da rauni abin ya fi tsanani. Na'urar daidaita wuta da ke ciyar da kaya masu wat 1,500 tana jan kimanin amfiya 6.5 idan wuta ta cika bolt 230. Idan ta faɗi zuwa 160, sai ta ja fiye da amfiya 9 domin ta cike giɓin. Lokacin da fitila ta yi ja kamar garwashi, a lokacin ne wayar da ke ciyar da irin waɗannan na'urori ta fi shan wahala.

Fis mai gadin waya ne

Mutane da yawa sun ɗauka an sa fis ne domin ya kare rediyo ko talabijin. Aikinsa na asali shi ne kare wayar da ke bango. An yi shi da gangan ya zama wuri mafi rauni a layi, domin idan kaya suka yi yawa shi ya tsinke a cikin akwatinsa kafin waya ta narke a inda ido ba ya gani. Wanda fis ɗinsa ke yawan tsinkewa, ya tashi ya ɗaura masa waya mai kauri ko ya cusa ƙusa, ya kori mai gadi ne don yana tashinsa daga barci. Haka wanda ya cire makatsi mai amfiya 20 ya sa mai 40 ba tare da ya sauya waya ba. Daga ranar, wayar bango ita ce ta zama fis.

Haka abin yake ga wayar jone da muke ja daga soket zuwa tsakar gida. Mai laushin nan mai lamba 0.75 iyakarta amfiya 6, watau kimanin wat 1,380. Ta isa fanka da talabijin da cajin wayar hannu, amma ba ta isa hita ko murhun lantarki ba. Idan kuma aka bar ta a naɗe, ko aka bi da ita ƙarƙashin darduma, zafin ba ya samun hanyar fita. Duk wayar da aka taɓa rigarta aka ji zafi, duk soket ɗin da bakinsa ya yi baƙi, duk ƙaurin roba da aka ji a ɗaki, gargaɗi ne da bai kamata a kwana da shi ba.

Jabun waya

Lissafi ba zai yi amfani ba idan abin da aka rubuta a jikin waya ƙarya ne. A kasuwa akwai wadda aka rubuta wa 2.5 alhali ƙarfenta bai kai ba, an ƙara kaurin roba domin a ruɗi ido. Akwai kuma wadda cikinta alminiyom ne aka shafe bayansa da jan ƙarfe. Alminiyom yana gudanar da wuta kimanin kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke yi, saboda haka sai ya fi shi faɗin baki da fiye da rabi kafin su yi daidai. Shi kansa ba abin ƙi ba ne, da shi ake yin manyan wayoyin da ke kan turaku, amma da lissafinsa da mahaɗansa na musamman. A Amurka, daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, tsadar jan ƙarfe ta sa aka yi wa gidaje masu yawa wayarin da alminiyom, daga baya aka gano mahaɗansa suna saki suna zafi a soket da makunni, aka yi gobara, aka koma gyara da tsada.

Gane jabu bai buƙaci babban ɗakin bincike ba. Waya mai ƙarfe ɗaya mai lamba 1.5 kaurin ƙarfenta milimita 1.38 ne, mai lamba 2.5 kuma milimita 1.78, maikiromitar ɗakin gwaje-gwajen makaranta ta isa ta auna. Naɗin mita 100 na mai lamba 2.5 yana ɗauke da jan ƙarfe mai nauyin kimanin kilo 2.2 ban da roba, wanda aka yi da alminiyom kuwa da an ɗaga za a ji shi sakayau. Idan aka kankare bakin waya da wuƙa aka ga cikinta fari, ba jan ƙarfe ba ne. A kuma nemi sunan kamfani da lamba da tambarin NIS na Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON, wadda aka kafa a 1971. Wanda ya sami waya mai lambar Amurka, da ake rubuta wa AWG, ya lura cewa tasu a juye take: lamba 14 ta fi lamba 12 siranta.

Masu wutar rana su ƙara kula

Yanzu da faifan sola da batura suka shiga gidaje da shaguna, kuskuren ya sami sabuwar ƙofa. Mutane na ganin bolt 12 ba ya kisa, sai su ɗauka kowace waya ta isa. Amma wat 1,000 a bolt 230 amfiya 4 ne da ɗan kai, a bolt 12 kuwa ya haura amfiya 83. Wayar da ke tsakanin batir da inbata dole ta yi kauri ƙwarai, ta kuma gajarta, a sa mata fis kusa da batir. Wannan ne dalilin da ya sa manyan tsare-tsare ke amfani da bolt 24 ko 48: idan aka ninka bolt, amfiya ta ragu da rabi, zafin waya ya koma rubu'i.

Hujjojin masu ja

Na san akwai masu cewa jan ƙarfe ya yi tsada, talaka da ƙyar ya kai ginin ga rufi. Gaskiya ne, ba na raina wannan. Amma a kwatanta bambancin kuɗin naɗi uku na waya da kuɗin bulo da siminti da kwano da ƙofofin da wayar za ta iya cinyewa a dare ɗaya. Fenti da tayil suna iya jira sai baɗi, ana iya sauya su ko yaushe. Wayar da aka binne kuwa ba ta sauyuwa sai da wahala da kashe kuɗi ninki. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya yi wa ɗaki biyu wayarin na ƙwarai ya bar sauran bututun fanko zuwa lokacin da hali ya samu. Garin neman gira kada a rasa ido.

Akwai masu hujjar dattijon nan, cewa an daɗe ana yi ba abin da ya faru. Gidan da aka yi wa wayarin shekara ashirin ko talatin da suka wuce, fitila da fanka da rediyo aka yi wa lissafi. Yau an ƙara firji da injin daskarewa da hita da famfon ruwa a kan waya ɗaya, robarta kuma ta tsufa. Ƙarancin wutar da muke kuka da shi ma yana rufa wa wayoyi da yawa asiri, domin suna samun hutu su huce. Ranar da wuta ta zauna, ko aka kawo babban janareta, ranar za a san abin da ke bango.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su ce a sa mafi kauri ko'ina a huta. Wannan ɓarnar kuɗi ce, kuma waya mai lamba 6 ba ta zama daidai a ramin makunnin fitila, mahaɗin da bai ɗauru ba kuwa shi ma zafi yake yi. Abin nema shi ne daidai.

Daga ƙarshe akwai masu cewa gobara ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba mu taɓa jin wanda ya bar garwashi a kan katifa ya kwanta da sunan tawakkali ba. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002, ta Sabon Gari a Kano a 2016, manyan kasuwannin Sakkwato da Katsina a 2021, kowa ya ga yadda dukiyar shekaru ke zama toka kafin gari ya waye. Gobara tana da sabubba iri iri, amma a cikinsu na siririyar waya shi ne wanda takarda da alƙalami za su iya kawar da shi tun kafin a fasa bango.

Kira ga malamai da ɗalibai

Hukumomi suna da nasu aiki. Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da wayarin a 2015, a shekarar ce kuma aka yi dokar kafa hukumar NEMSA mai duba ayyukan lantarki da ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Amma ba hukumar da za ta iya tsayawa a kowane shago lokacin da ake ciniki. Wanda zai iya tsayawa a wurin shi ne ɗan mai gidan da ya yi karatun kimiyya.

Saboda haka ina roƙon malaman fiziya da na fasaha su sauko da dokar Ohm da ta Joule daga allo. A sa kowane ɗalibi ya karanto wat da aka rubuta a jikin na'urorin gidansu, a tara a aji, a fitar da amfiya, a zaɓi makatsi da waya, a yi gyaran zafin bazara. A kawo guntayen wayoyi daga shaguna dabam dabam, a auna su da maikiromita, a fitar da faɗin bakinsu, a ga wace ce ta cika lambarta. Darasi ne na awa biyu, kayansa kuma ba su da tsada.

Ku kuma ɗalibai, sanin lissafin bai mai da ku masu wayarin ba. Kada ɗayanku ya buɗe soket ko allon rarraba wuta, wannan aikin wanda ya koya ne ya kuma sami shaida, domin bayan kaurin waya akwai wayar ƙasa da gwaje-gwajen da sai da kayan aiki ake yinsu. Naku shi ne ku yi tambaya cikin ladabi: amfiya nawa layin nan zai ɗauka, wane makatsi za a sa masa, ta ina wayar za ta bi? Ƙwararren mai wayarin zai ji daɗin tambayar, ɗan koyo mai karambani kuwa a nan za a gane shi.

Kammalawa

Da saurayin nan na shago ya iya ɗaukar takarda ya nuna wa dattijo cewa kayansa amfiya 19 ne, wayar da ya ɗauka kuma 14 ba ta cika ba a cikin bazara, ina kyautata zaton da maganar ta sauya, domin wanda ya iya lissafin buhunan siminti ba zai kasa gane wannan ba. Ni ma da nake tsaye a wurin na yi shiru, ina ganin ba ruwana, abin da har yau nake nadama. Wannan maƙala ita ce maganar da ya kamata in yi a ranar. Wanda ya karanta, ya isar da ita ga mai gini na kusa da shi tun bango bai sha filasta ba. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu daga gobara, amin.